Ciwon kai mai tafiya yana komowa

Ƴan uwa ɗalibai, babu wanda bai san ciwon kai ba. Manomi ya san shi. Mai daka ta san shi. Ɗan kasuwa ya san shi. Sau da yawa ciwon kai baƙon yini ɗaya ne. Ka sha ruwa, ka kwanta, kafin gari ya waye ya wuce.

Amma akwai wani iri wanda ba ya yin sallama. Ya zo wanga sati, ya tafi, wata mai kamawa ya komo. In ya zo, kayar da mutum yake yi. Mace ta bar tukunya bisa murhu. Namiji ya bar hauya a gona. Kwana 2 da manomi zai yi kwance lokacin noman farko ba ƙaramar hasara ba ce, don ciyawa ba ta jiran mai ciwo. Kuɗin ƙwaya kuma suna ta fita, yau dala 10, gobe dala 20.

Darasinmu na yau bisa wanga ciwo yake. Ga babban abin da za mu riƙe: kowane mai wanga ciwo yana da abubuwan da ke tayar masa da shi. Wanda ya iya rubutu kuma yana iya kama su ɗaya bayan ɗaya.

1. Ciwon kai ba iri ɗaya ba ne

Na farko shi ne ciwon kai na gajiya. Mutum yana jin kamar an ɗaure masa kai da igiya. Yana kama ɓangare biyu, har ƙeya da wuya. Mata masu ɗauko ruwa ko itace bisa kai daga nesa sun san shi sosai. Yana da damuwa, amma mutum yana iya ci gaba da aikinsa.

Na biyu shi ne wanda wata cuta ke kawowa, kamar masassarar cizon sauro, ko mura, ko ciwon haƙori. In an yi maganin cutar, kai ya lafa.

Na uku shi ne ciwon ɓarin kai. Likitoci suna ce masa migiren. Shi ne mai tafiya yana komowa, kuma shi za mu fi daɗewa a kansa.

Na huɗu shi ne wanda yawan shan ƙwaya ke kawowa. Kada ku yi mamaki. Za mu zo kansa a gaba.

2. Yadda ake gane ciwon ɓarin kai

Yawanci ɓari ɗaya na kai yake kamawa, dama ko hagu, kusa da ido. Wani lokaci yana kama kan duka. Kai yana sara, kamar ana daka a ciki. In mutum ya duƙa, ko ya yi tafiya, sarar ta ƙaru. Zuciya tana tashi, wani har ya yi amai. Haske yana damunsa. Ƙara tana damunsa, ko da kukan yaro ne ko rediyo. Abin da yake so kawai shi ne ɗaki mai duhu, a bar shi shiru.

In ba a yi magani ba, ciwon yana ɗaukar awa 4, wani lokaci har kwana 3. Bayan ya wuce, mutum yana tashi da kasala kamar wanda ya yi doguwar tafiya. Daga nan sai ya warware sarai, har ranar da ciwon zai komo.

Wasu suna samun gargaɗi kafin ya zo. Wani ya yi ta hamma. Wani wuyansa ya yi nauyi. Wani ya ga walƙiya-walƙiya a idonsa, ko wani gefe na abin da yake kallo ya ɓace. Wata ta ji kamar tururuwa na tafiya bisa hannunta ko leɓenta. Walƙiyar nan da jin tururuwar ba su cika wuce awa 1 ba, sai ciwon ya biyo baya.

Abin yana da ban tsoro. Shi ya sa wasu ke cewa iska ce, ko jifa aka yi musu. Ƴan uwa, cuta ce sananniya a duniya duka. Masana sun ƙiyasta cewa wajen mutum 1 cikin 7 yana da ita. Tana kama mata fiye da maza har kusan sau 3. Yawanci tana farawa tun ƙuruciya, lokacin balaga. Yara ma suna yin ta, sau da yawa tare da ciwon ciki da amai.

3. Mi ke kawo shi?

Ciwon ɓarin kai yana bin jini. In ka bincika, za ka tarar uwa tana yi, ko kaka, ko gwaggo. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Ƙwaƙwalwar mai wanga ciwo ce ba ta son canji. Abin da wani zai jure, ita sai ta harzuƙa. Jijiyoyin da ke kewaye da ita su ɗauki zafi, kai ya kama sara.

Mu ɗauki misalin ƙwarya. Kowa yana da ƙwarya cikin kansa. Ta wani babba ce, ta mai ɓarin kai ƙarama ce. Rashin barci ya zuba ludayi ɗaya. Yunwa ta zuba ludayi ɗaya. Zafin rana ya ƙara. Ɓacin rai ya ƙara. In ƙwarya ta cika ta zube, ciwo ya tashi.

Wanga misali yana nuna mana abu biyu. Na ɗaya, sau da yawa ba abu guda ne ke tayar da ciwon ba, taruwa suke yi. Shi ya sa yau ka sha rana ba ka ji komi ba, jibi ka sha rana ka kwanta. Na biyu, ba mu iya sake ƙwaryar da aka haife mu da ita, amma muna iya rage abin da ake zuba mata.

4. Abubuwan da ke tayar da shi a nan wajenmu

Rana da ƙishirwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasar Adar. Masu aikin garka a kwarin Tarka, wajen Madawa, suna yini cikin albasa ba inuwa. A Kaita, tun da aka fara babban aikin gyaran ƙasa a 1984, mutane sun saba da ɗaukar dutse bisa tudu, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Irin wanga aiki yana fitar da zufa ƙwarai. Kada mu jira sai ƙishirwa ta kama mu. Mu sha ruwa kafin mu fita, mu tafi da bido ko gora, mu riƙa kurɓa a kai a kai. Ga awo mai sauƙi: in fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki yana neman ruwa. Mu sa malfa. Mu yi aiki mai nauyi da sanyin safiya da marece. In rana ta take, mu nemi gindin itace. Mutanen Majiya, wajen Buza, suna da layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Inuwarsu ma magani ce.

Yunwa. Wuce lokacin cin abinci yana cikin manyan masu tayar da ciwon. Mace ta tashi da asuba, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta ciyar da yara, ita ba ta sa komi a baki ba sai azahar. Ko ɗan kunu ne, ko fura, ko ɗumamen tuwo, a ci kafin a fita. Mai zuwa kasuwa ya ƙulla ƴar gyaɗa ko dabino.

Barci. Rashinsa yana tayar da ciwon, yawansa ma haka. Hira har tsakar dare, kwanan biki, kallon salula cikin duhu, duk suna zuba ludayinsu. Abin da kai ke so shi ne a kwanta lokaci ɗaya, a tashi lokaci ɗaya.

Shayi, goro da kofi. Waɗanga ukun suna da wani sinadari mai suna kafeyin. Jiki yana sabawa da shi. Wanda ya saba da shayi mai kauri kullum, ranar da bai samu ba kansa zai yi ciwo. Wanda ya cika sha kuma barcinsa ya lalace. Mai son ragewa ya rage sannu-sannu cikin sati 2 ko 3, kada ya yanke rana ɗaya.

Hayaƙi da wari. Hayaƙin ɗanyen itace cikin ɗakin girki, turaren wuta, turare mai ƙarfi, warin isansi, hayaƙin injin ban ruwa. Mai fesa maganin ƙwari a garka ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya, ya yi wanka da sabulu in ya gama. Lokacin ɗari kuma, kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe. Garwashi yana fitar da wata iska marar wari. Tana fara sa ciwon kai da jiri, kuma tana kisa.

Damuwa. Rumbu ya kusa ƙarewa. Maigida ya tafi bida, an daɗe ba labari. Bashi, ko rashin jituwa cikin gida. Ba mu iya kore damuwa daga duniya. Amma faɗa wa wanda ka yarda da shi yana rage nauyi. Wani abin lura: wasu ba lokacin wahalar ciwon ke kama su ba, sai ranar da suka huta.

Al'adar mata. Mata da yawa ciwon yana zo musu kwana 1 ko 2 kafin jini, ko a kwanakin farko. Wagga ba a iya kauce mata. Amma in mace ta san kwanakinta, sai ta kiyaye sauran abubuwan: ta ci da wuri, ta sha ruwa, ta kwanta da wuri, ta ajiye maganinta kusa. Mata da yawa suna samun sauƙi in suna da ciki, da kuma bayan al'ada ta ɗauke.

Azumi. A kwanakin farko na watan azumi ciwon kai yana yawa, saboda yunwa, ƙishirwa, rashin barci da rashin shayi sun haɗu. Mai ɓarin kai ya fara rage shayi da goro tun kafin wata ya kama. Kada ya bar sahur. Ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba. In ciwon ya kayar da shi, ya tambayi malami bisa sauƙin da addini ya yi wa marar lafiya.

Ido. Wanga ya shafe mu, mu ƴan aji. Wani yana cewa: "Malam, tun da na fara karatun nan kaina ke ciwo." Ba karatu ne ke da laifi ba. In mutum ya wuce shekara 40, idonsa yana fara kasa ganin ƙananan baƙaƙe a kusa. In ya matsa wa ido, ko ya yi karatu da fitila marar haske, goshi ya yi nauyi. A je a auna ido. Sau da yawa tabarau ne maganin.

5. Littafin ciwon kai

Waɗanga abubuwa suna da yawa, kuma ba duka ne ke damun kowa ba. Wani yana shan shayi lafiya lau, amma turare ya kayar da shi. Wata turare bai dame ta ba, yunwa ce abokiyar gabarta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. To, yaya za ka san naka?

In ka dogara ga tunani, za ka manta. Likita ya tambaye ka: "Sau nawa ya kama ka wanga wata?" Sai ka ce: "Wallahi da yawa." Da yawa ba lissafi ba ne. A nan ne karatunmu zai yi mana rana.

Ka samu ƙaramin kaye da bik. Duk ranar da ciwon ya zo, bayan ya lafa, ka rubuta abu 5:

Ɗaya: wace rana ce.
Biyu: yaushe ya fara, yaushe ya lafa.
Uku: ƙarfinsa. Ka sa 1 in ka iya aiki. Ka sa 2 in aikin ya yi wuya. Ka sa 3 in ka kwanta.
Huɗu: abin da ya faru jiya da yau, wato ci, sha, barci, rana, wari, damuwa. Mace ta sa alama in tana al'ada.
Biyar: wane magani ka sha, ƙwaya nawa, kuma ko ya yi aiki.

Ga misalin yadda ake rubutawa:

Lahadi. Ya fara da azahar, ya lafa da dare. Ƙarfi 3. Na tafi kasuwa ban ci komi ba. Rana ta yi zafi. Na sha ƙwaya 2.

Alhamis. Ya fara da safe, ya lafa da la'asar. Ƙarfi 2. Jiya an yi suna, ban kwanta ba sai tsakar dare. Na sha ƙwaya 2.

Kun gani, ba dogon rubutu ba ne. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi amfani da kalanda. Ranar ciwo ya zagaye lambar. Ranar shan ƙwaya ya ja mata layi a ƙasa.

Bayan wata 2 ko 3, ka zauna ka karanta daga farko. Ka nemi abin da ke ta maimaituwa. Wata ɗalibar ajinmu, mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta yi haka. Da ta karanta kayenta, sai ta ga yawancin ranakun ciwon ranakun kasuwa ne. Tana fita da duhu ba ta karya ba, ta yini a rana, ba ta shan ruwa don kada fitsari ya dame ta. Ta fara shan kunu kafin ta fita, ta tafi da bidon ruwa, ta nemi wuri ƙarƙashin rumfa. Ciwon bai rabu da ita kwata-kwata ba. Amma ya ragu, kuma ta daina rasa cinikin ranar kasuwa.

In ka zargi abu, ka gwada shi shi kaɗai. Ka bar shi, ko ka gyara shi, har wata 1, ka ga ko ranakun ciwo sun ragu. Kada ka bar abu 5 lokaci guda, don ba za ka san wane ne mai laifin ba. Kada kuma ka hana kanka abinci iri-iri saboda an ce. Yunwa ta fi yawancin abinci tayar da ciwon.

6. In ciwon ya riga ya taso

Ko mun kiyaye, wata rana zai zo. Ga abin yi.

Ka bar aikin da kake yi tun ciwon yana ƙarami. Ka sha ruwa. In zuciya ba ta tashi, ka ci ɗan abu. Ka shiga wuri mai duhu da iska, ka kwanta. A jiƙa ƙyalle da ruwan randa a ɗora bisa goshi. Ɗaure kai da ɗankwali ba ya cutarwa. In barci ya zo, ka bar shi ya ɗauke ka, don sau da yawa shi ke yanke ciwon.

In za ka sha magani, ka sha da wuri. Ƙwayar da aka sha a farkon ciwo ta fi aiki bisa wadda aka sha bayan amai ya fara. Babban mutum yana iya shan farasetamol mai miligiram 500, ƙwaya 2. Ya jira awa 6 kafin ya ƙara. Kada ya wuce ƙwaya 6 a yini, sai in likita ya ce. Yawansa yana lalata hanta. Ibufurofen da asfirin suna taimakon wasu fiye da farasetamol, amma a sha su bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mace mai ciki kada su sha su. Kada a ba yaro asfirin. Maganin yaro kuma likita ne ke auna shi bisa nauyinsa.

Kada a ɗiga wani abu cikin ido ko hanci. Kada a yi tsaga da askar da aka yi wa wani aiki da ita, don tana iya ɗauko cutar hanta ko sida.

7. Ƙwayar da ke komawa cuta

Yanzu mun zo ga iri na huɗu. Mutum yana shan ƙwaya don kai ya lafa. Kai ya lafa, gobe ya komo, ya ƙara sha. A hankali jiki ya saba. Duk lokacin da ƙarfin ƙwaya ya ƙare, ciwo ya tashi. Ciwon da ke zuwa sau 2 a wata sai ya koma na kullum, tun daga farkawa.

Likitoci sun sa iyaka. Wanda ke shan farasetamol, ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har wata 3, yana cikin haɗarin wanga ciwo. Ga tramol da ƙwayoyin da aka haɗa magani biyu ko uku a ciki, kwana 10 a wata sun isa. Don haka mu riƙe wagga ƙa'ida: kada shan maganin ciwon kai ya wuce kwana 2 a sati. Layukan da ka ja cikin kalanda za su nuna maka ko ka wuce.

Mu yi hattara da ƙwayoyin talla, na tire da na bayan keke. Sun sha rana, ba a san ranar lalacewarsu ba, wasu ma jabu ne. Sunayensu daban-daban, amma da yawa farasetamol ne a ciki. Mutum ya sha ja, ya sha kore, yana zaton iri biyu ya sha, ashe abu ɗaya ya ninka. Tramol kuwa ba maganin ɓarin kai ba ne. Yana kama mutum ya kasa bari, kuma yana sa jijjiga.

Wanda ya riga ya faɗa wanga rami yana iya fita. In ya daina ƙwayar, kai zai ƙara ciwo na ƴan kwanaki, wani har sati 2, sannan ya fara sauƙi. Ya yi haka da shawarar likita. Mai shan tramol musamman kada ya yanke shi kaɗai.

8. Ciwon kai da ba a jira da shi

Ciwon ɓarin kai yana da azaba, amma mai shi ya san shi, kuma yana wucewa. Akwai wanda ba a kwana da shi a gida. In an ga ɗaya daga cikin waɗanga, a nemi amalanke, moto ko mota nan take:

Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya.
Ciwon da ya faɗo farat ɗaya, mai tsananin da mutum bai taɓa ji ba.
Ciwon kai da jijjiga, suma ko ruɗewa.
Ciwon kai da mutuwar hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ko sarƙewar magana.
Ciwon kai bayan faɗuwa ko buguwa a kai, kamar haɗarin moto.
Ciwon da ke ƙaruwa kullum, da amai da safe.
Sabon ciwon kai ga wanda ya wuce shekara 50.
Mace mai ciki, ko mai jego, da ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ko gani dishi-dishi.

Na farkon nan alamar sanƙarau ce. Lokacinta rani ne, daga hunturu har faɗuwar ruwa. An fara rigakafin wani irinta a Nijar a 2010, kuma wancan iri ya ja baya ƙwarai. Amma akwai wasu ire-iren. A 2015 annobar sanƙarau ta kama mutane wajen 8,500 a ƙasarmu, fiye da 500 suka rasu. Tana iya kisa cikin yini ɗaya, amma tana da magani in an je da wuri. A damina da kaka kuma, ciwon kai da zazzaɓi yana neman awon jini don masassarar cizon sauro, musamman ga yara.

Na ƙarshen kuma alamar hawan jini ne na masu ciki, wanda ke kai ga jijjiga. Yana iya ɗaukar uwa da ɗa. Shi ya sa ake auna tansiyo a kowane awon ciki.

9. Zuwa gidan likita

Ko babu alamar haɗari, ka je gidan likita in ciwon yana hana ka aiki kwana 4 ko fiye a wata, ko in ƙwaya ta daina yi maka aiki, ko in ciwon ya sake kama. Ka fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka asibitin gunduma a Madawa, Buza ko Kaita, daga can kuma zuwa babban asibitin Tawa.

Ka tafi da kayenka, da kwalin duk maganin da kake sha. Ka roƙi a auna maka tansiyo. Hawan jini yawanci ba ya nuna alama, awo kaɗai ke gano shi. Akwai magungunan da ake sha kullum don rage zuwan ciwon ɓarin kai. Likita ne ke ba da su. Ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi wata 2 ko 3 ake ganin amfaninsu.

Ƴan uwa mata, ga wata magana taku. In kina ganin walƙiyar nan kafin ciwo, ki faɗa wa ungozomar gidan likita kafin ta ba ki ƙwayar tazarar haihuwa. Akwai irin da bai dace da ke ba, don yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da za ta zaɓa miki.

Mutanen gida kuma, ku taimaka. Ciwon kai ba ya fitar da jini, ba ya kumbura, shi ya sa ake ce wa mai shi raggo ko mai raki. Maigida, in matarka ta ce kanta na sara, ba gudun aiki take ba. Uwar miji, abokiyar zama, ku kama mata girki na yini ɗaya, ku janye yara daga ƙofar ɗaki. Wadda aka bari ta kwanta da wuri ita ke saurin tashi.

Abin da za mu riƙe

Ciwon ɓarin kai cuta ce sananniya, kuma ana iya rage ta.
Ci, sha da barci a kan lokaci su ne rigakafi na farko.
Kowa ya nemi abin da ke tayar masa da nasa, ya rubuta.
Maganin ciwon kai kada ya wuce kwana 2 a sati.
Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, sai gidan likita nan take.

Tambayoyi

1. Faɗi alamomi 3 na ciwon ɓarin kai.
2. Mi misalin ƙwarya yake koya mana?
3. Waɗanne abubuwa 5 ake rubutawa cikin littafin ciwon kai?
4. Wani ya sha ƙwaya kwana 4 kowane sati. Kwana nawa ke nan cikin sati 4? Ya wuce ƙa'ida ko bai wuce ba?
5. Maƙwabciyarki tana da cikin wata 8, kanta na ciwo, fuskarta ta kumbura. Mi za ki yi?

Aikin gida

Kowa ya ja layuka 5 cikin kayensa, ya rubuta kan kowane layi: rana, lokaci, ƙarfi, abin da ya faru, magani. Wanda ba ya ciwon kai ya nemi wani a gidansu ko unguwarsu mai fama da shi, wanda bai iya rubutu ba, ya riƙa rubuta masa. Bayan sati 4 kowa ya zo da kayensa, mu karanta tare a aji.